Dara da haruffa: wasan kalmomi ta salula

Hirarmu ta yau ta wasa ce. Amma kada ku ajiye kayenku. Ku jawo shi kusa tare da alƙalami, domin za mu bukace su.

Kowa ya san dara. Gida 30 a ƙasa, kowa da ƙwaya 12, wannan da tsinke, wancan da tsakuwa. Ana yi ana tsokanar juna, ƴan kallo suna sa baki ba a tambaye su ba. Sai dai dara sai an zauna wuri guda. In an gama aikin gona, abokin dararka ya tafi ci-rani Kwatanu ko Legas, shi ke nan, iska ta cike gidajen da rairayi har damina.

To, akwai wata irin dara wadda tafiya ba ta raba masu yin ta. Ƙwayoyinta haruffa ne. Allonta yana cikin salula mai intanet. Kai kana Tasawa, shi yana bakin teku, kuna karawa. Mutane da yawa a duniya suna yin ta kowace rana, kuma wataƙila kun taɓa ganin wani ɗan lakwal a fada ya duƙufa a kanta, shayinsa ya huce bai sani ba.

Me ya sa na kawo muku ita? Domin wanda ya koyi karatu da girmansa yana da abin tsoro guda ɗaya, wato mantuwa. An rufe makaranta, an shiga noma, wata da watanni ba a buɗe kaye ba. Ranar da takarda ta zo, sai ka ga haruffan da ka sani jiya suna yi maka kallon baƙo. Wasan nan yana sa mutum ya juya haruffa kullum, ba don malam ya ce ba, sai don wani yana can yana jiran amsarsa. Amma yana da ƙa'idodinsa, yana kuma da ramukansa. Gara ku san su tun ba ku shiga ba.

Ga yadda ake yi. Allon yana da layi 15 a tsaye da layi 15 a kwance, gida 225 ke nan. Salula ce take raba haruffa, kowa 7. Ba ka ganin na abokinka, shi ma ba ya ganin naka. Mai farawa ya jera kalma a tsakiyar allo, salula ta cike masa haruffansa su koma 7. Na biyu ya kawo tasa. Amma ba ya ajiye ta inda ya ga dama. Dole ta jingina da wadda take kan allo, ko ta gitta ta, ko ta ƙara mata tsawo. Ana rubutu daga hagu zuwa dama, ko daga sama zuwa ƙasa. Haka za a yi ta yi har haruffa su ƙare. Wanda ya fi maki shi ya ci.

Bari in ba ku misali da Hausa don a gane. Ku rubuta haruffan nan 4 cikin kayenku: G, A, R, I. Me kuka karanta? Gari. Yanzu ku juya su. R, I, G, A: riga. Ku sake juyawa. G, I, R, A: gira. Ku ƙara. R, A, G, I: ragi. Ba mu ƙara harafi ba, ba mu cire ba, ga kalma 4 sun fito. Wannan shi ne rabin wasan.

Ɗaya rabin shi ne ƙari. Abokinka ya rubuta noma. Kai kana da M da A. Ka sa su a farkon kalmar, ta zama manoma. Ya rubuta gida, ka liƙa J da E, ta zama gidaje. Gona ta zama gonaki. Dara kanta, in ka ƙara mata S da I ta zama darasi, in ka ƙara J da A ta zama daraja. Ku ji da kyau: wanda ya yi ƙarin shi ne yake kwashe makin kalmar duka, har da na haruffan da abokinsa ya sa. Wani ya yi shuka, wani ya yi girbi. Shi ya sa gwani ba ya duban haruffansa kaɗai, yana duban ƙofar da zai bar wa abokinsa a buɗe.

Kowane harafi yana da ɗan lamba a gefensa, makinsa ke nan. Wasu gidajen allo kuma masu albarka ne. Akwai gidan da yake ninka makin harafi sau 2 ko sau 3, akwai wanda yake ninka kalmar gaba ɗaya. In mutum ya zuba haruffansa 7 a tashi ɗaya, ana yi masa kyauta. A wasan da ake kira Scrabble kyautar maki 50 ce, a wanda ake kira Words With Friends 35 ce.

Abin da salula ta ƙara shi ne haƙuri. Ba sai kun zauna lokaci guda ba. Ka sa kalmarka da hantsi ka tafi kasuwa. Shi ya amsa da dare bayan ya tashi daga aiki. Wasa ɗaya yana iya kai mako. A wani mai suna Wordfeud, ana ba mutum awa 72, wato kwana 3, ya yi tunani. In ya wuce haka bai amsa ba, an cinye shi. Akwai kuma ɗan wurin rubuta saƙo a gefe. Nan ake tsokana, nan kuma ake tambayar lafiyar gida. Sau da yawa wannan ɗan saƙon ya fi makin daraja.

Wasan ya girmi salula nesa. A shekarun 1930 kasuwa ta faɗi a Amurka, aiki ya yi wuya. Wani mai zanen gine-gine, sunansa Alfred Butts, ya rasa aikinsa. Zaman banza bai karɓe shi ba. Ya ɗauki jaridu ya yi ta ƙidayar haruffa, yana son ya san wanne ne ya fi yawa a Ingilishi, wanne ne ba a cika gani ba. Harafin da ya yawaita ya ba shi maki kaɗan, wanda yake da wuya ya ba shi maki mai yawa. A 1938 ya haɗa wasan da allonsa. A 1948 wani mai suna James Brunot ya karɓe shi, ya raɗa masa suna Scrabble, ya shiga sayarwa. A lokacin ƴan katakai ne ake zubawa cikin jaka.

Da intanet ta zo, wasu ƴan'uwa biyu a birnin Kolkata na ƙasar Indiya, Rajat da Jayant Agarwalla, suka sa irinsa a Facebook a 2007, da suna Scrabulous. Jama'a suka ruɗe a kansa. A 2008 kamfanin Hasbro, mai haƙƙin Scrabble a Amurka, ya kai su ƙara, suka canza wa nasu suna da kama. A 2009 wasu ƴan'uwa biyu kuma, Paul da David Bettner na jihar Texas, suka fitar da Words With Friends, ma'anarsa kalmomi tare da abokai. A ƙarshen 2010 kamfanin Zynga ya sayi ɗan kamfaninsu a kan sama da dala miliyan 50. Dalar Amurka fa nake nufi, ba dalarmu ta tamma 5 ba. Wasan ya kama mutane har a watan Disamba na 2011 aka sauke wani shahararren ɗan fim, Alec Baldwin, daga jirgin sama kafin ya tashi, don an ce ya kashe salula shi kuwa yana tsakiyar wasa.

Yanzu mu zo kan babbar magana. A darar ƙasa, in gardama ta tashi, akwai dattijo a gefe mai raba ta. A darar haruffa wane ne alƙali? Wa yake cewa wannan kalma ce, wannan ba kalma ba ce?

Alƙalin jeri ne. An tattara kalmomin wani harshe, an zuba su cikin wasan. Ka rubuta kalma, salula ta duba jerin. In tana ciki, ta karɓa. In ba ta ciki, ta mayar maka da haruffanka. Iyakar saninta ke nan. Ba ta san ma'ana ba, ba ta jin magana. Masu Scrabble na Faransanci suna da nasu littafin jeri, L'Officiel du Scrabble, wanda gidan buga littattafai na Larousse yake fitarwa. Masu Ingilishi suna da nasu. Manyan wasannin nan da na ambata akwai masu yi da Faransanci, akwai masu yi da Ingilishi da wasu harsunan Turai, amma Hausa ba ta cikin jerinsu.

Saboda haka, ɗan'uwa, in ka rubuta manoma salula ta ƙi, kada ka ce ka manta karatu. Ƴar'uwa, in kin rubuta gidaje ta mayar miki, kada gwiwarki ta yi sanyi. Rubutunki daidai ne. Alƙalin ne ba Bahaushe ba. Na tsaya a kan wannan domin sabon mai karatu yana da saurin zargin kansa. In na'ura ta ce a'a, sai ya ɗauka ita ce da gaskiya, ya ajiye, wani lokaci har da kayen.

Ga shaida cewa jeri daban, sanin harshe daban. A watan Yuli na 2015 aka yi gasar duniya ta Scrabble na Faransanci a ƙasar Beljiyam. Wanda ya ci, Nigel Richards, mutumin New Zealand ne, kuma ba ya jin Faransanci. Littafin jerin ya haddace cikin kamar mako 9, ya zo ya kayar da wani gwani ɗan ƙasar Gabon, Schélick Rekawe, a karon ƙarshe. Da zai yi wa jama'a godiya sai da aka yi masa tafinta. Gwani ne, babu shakka. Amma da za ka aike shi kasuwa da wannan Faransancin, da wuya ya sayo maka gishiri.

Makin haruffa ma ba don mu aka yanka shi ba. Ku dubi na Faransanci. Ƙwaya 102 ne, 2 daga ciki farare ne, ba a rubuta musu kome ba, suna zama kowane harafi ka so. Harafin E shi ya fi yawa, guda 15, makinsa 1. A guda 9 ne. Amma K guda ɗaya tak, makinsa 10. W ma haka, Y ma haka, Z ma haka. Ga Bafaranshe waɗannan haruffa kamar zinariya suke, ba a cika samun su ba. Mu kuwa fa? Kai, ke, ku, kowa, wuta, yau, yaya. Da za a yi mana lissafi da ma'auninsu, da kowane Bahaushe attajiri ne. Wasan da aka auna da Hausa, A ne zai cika jaka, K ya koma maki ɗaya ko biyu, sannan a sassaƙa wa ɓ, ɗ, ƙ da ƴ nasu ƙwayoyin.

To, wanda yake son ya gwada na Faransanci alhali Faransancinsa kaɗan ne, ya haƙura ke nan? A'a. Ga wani abin mamaki da zai taimake shi. A littafin jerin Faransanci akwai ƙananan kalmomi masu harafi 2, kuma da yawansu kun riga kun iya rubuta su, domin sun yi kama da namu: ka, da, ma, na, ta, sa, mu, su, ni, ci, fa, fi, je. Ma'anarsu a can daban ce, amma alƙali ba ya tambayar ma'ana. Ka ɗauki ka. K maki 10, A maki 1, 11 ke nan. In K ya hau gidan da yake ninka harafi sau 3, ka tashi da 31, da harafi biyu kacal. Mai neman doguwar kalma don a yaba masa, sau da yawa bai samu rabin haka ba.

Maƙwabtanmu ƴan Nijeriya an san su da wannan dabara ta gajerun kalmomi da tsare ƙofa. A watan Nuwamba na 2015 ɗayansu, Wellington Jighere, ya ci gasar duniya ta Ingilishi a birnin Perth na Ostareliya. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya ci ta.

Sai maganar aljihu. Za a ce muku wasan kyauta ne. Saukar da shi kyauta ne, gaskiya. Amma kamfani ba ya aikin Allah-ya-ba-ku. Bayan ka sa kalma sai talla ta fito, wani lokaci mai motsi da sauti, kuma kuɗin intanet ɗinka take ci. Kalmar kanta ba ta cin kome, tallar ce mai ci. Ga cajin batir, wanda a ƙauye shi ma biya ake yi. Sannan za a yi ta nuna maka wasu abubuwan taimako na saye, wai su nuna maka inda kalma mai maki take. A ganina ko dala kada ka ba su. Ka zo ne ka wasa ƙwaƙwalwarka, me ya sa za ka biya a yi maka tunanin?

Masu maguɗi ma akwai su. Akwai wuraren intanet da mutum zai zuba haruffansa 7, a jero masa duk kalmomin da suke fita. In abokinka, wanda ka san iyakar lakwal ɗinsa, ya tashi dare ɗaya yana zubo kalmomin da ko malaminsa bai taɓa ji ba, kada ku yi faɗa. Ka tambaye shi ma'anarsu kawai.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne baƙo. Wasannin nan suna iya haɗa ka da mutumin da ba ka sani ba. Mafi yawansu wasa ya kawo su. Amma akwai ƴan damfara da suka mai da wurin saƙon nan tarko. Hoton da ke kan sunansu ba nasu ba ne. Za su fara da yabo, su bi da tambaya: kina da aure, ina kike zaune, me kike sayarwa? Bayan kwanaki su ce a koma WhatsApp. Daga nan sai labarin rashin lafiya, ko na kaya da aka tsare a kan iyaka, sai a aiko da kuɗi. Kashedi. Kada ku aika ko tamma. Kada ku ba kowa lambar sirri da ta shigo muku ta saƙo, kada ku aika hoton katinku na ɗan ƙasa. Wanda ya bar haruffa ya koma tambayar aljihu, ku rufe wasan da shi. Mafi sauƙi, ku yi da wanda kuka san gidansu.

To, Hausa fa? Mu zauna jiran kamfani? Ba sai mun jira ba. Akwai wani wasa mai sauƙi da za mu ara. Wani injiniya mai suna Josh Wardle, haifaffen Birtaniya mazaunin New York, ya yi shi don shi da abokiyar zamansa. Ya sake shi ga jama'a a watan Oktoba na 2021 da suna Wordle, a watan Janairu na 2022 jaridar New York Times ta saye shi. Kalma ɗaya ake ɓoyewa kowace rana, mai harafi 5. Ana ba ka gwaji 6. Duk kalmar da ka gwada, sai a nuna maka da launi: kore, harafin yana nan kuma a gidansa yake, rawaya, yana cikin kalmar amma ba nan ne gidansa ba, toka-toka, babu shi sam. Abokai suna aika wa juna sakamako, a ga wanda ya gano da wuri.

Wannan kacici-kacici ne, kuma mutum biyu suna iya yin sa da Hausa ta saƙon salula, ɗaya ya zama alƙali. A maimakon launi ku yi da kalma 3: zaune, baƙo, babu. Mu gwada. Na ɓoye kalma. Ka rubuto mini lambu. Na amsa: L baƙo, A babu, M babu, B zaune, U baƙo. Ka ga yanzu ka san abu da yawa. B ne harafi na 4. Akwai L amma ba a farko ba, akwai U amma ba a ƙarshe ba. Ka yi tunani, ka rubuto gurbi. Na amsa: G zaune, U zaune, R babu, B zaune, I zaune. Saura gida ɗaya. Ka koma kan amsar farko, ka tuna da baƙon da ka bari a waje, wato L. Gulbi. Gwaji 3, ka ci. Mutanen Maraɗi, na san kun riga kowa.

Mai ɓoye kalma ya rubuta ta a takarda tun kafin a fara, in an gama ya ɗauki hotonta ya aika. Haka ba wanda zai ce an canza a tsakiya.

Abu biyu za ku shirya tun farko, in ba haka ba gardama za ta cinye wasan. Na ɗaya, haruffa masu ƙugiya. K daban, ƙ daban. Baki ba baƙi ba ne, kafa ba ƙafa ba ce, kuma wanda ya gayyace ka fada bai gayyace ka faɗa ba. In salularka ba ta fitar da su, ka sa wani ɗan lakwal ya ƙara maka Hausa cikin harsunan rubutunta. Allon haruffa na Gboard yana da ita. Na biyu, karin harshe. Mutumin Tawa zai ce hura, na Damagaram ya ce fura. Wannan ya ce tahi, wancan ya ce tafi. A baki duka Hausa ce, ba wanda ya fi wani. Amma a wasa sai an tsai da ɗaya. Tun taron Bamako na 1966 ake aikin daidaita rubutun harsunanmu, kuma a 1999 hukumar ilimi ta Nijar ta tsai da ƙa'idar rubutun Hausa. Ku bi yadda aka rubuta cikin littafinku na karatu. Ku kuma yanke tun farko ko sh da ts harafi ɗaya za ku ƙidaya su ko biyu. In ɗan'uwanku na Nijeriya ne abokin wasan, ku sani inda muke rubuta ƴ, shi y yake rubutawa da ɗan waƙafi a sama kafinsa. Abu ɗaya ne.

Wanda ba shi da salula mai intanet, ba a bar shi baya ba. Ƙasa tana nan, yatsa yana nan. Kwalin sukari ma in an yanka shi ƙanana an rubuta haruffa, ya isa a fara.

Ga na gida. Ku rubuta haruffan nan 5: K, I, S, A, R. Ku fitar da duk kalmomin da za ku iya, masu harafi 4 da masu harafi 5, kada a yi amfani da harafi ɗaya sau biyu cikin kalma. Masu harafi 4 sun fi 5. Masu harafi 5 kuwa, na san guda 2, ɗaya daga cikinsu tana da rawani. Ku kai wa malaminku ya duba, ko ku aika wa wanda yake ci-rani, ku ga ko zai fi ku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.